Paris Ta Fi Tawa Kusa

Babanmu dillalin albasa ne a Adjamé, mutumin Tawa da ya tsufa a Abidjan. Yana da wata magana da ya ishe mu da ita, wai Paris ta fi Tawa kusa. Da ita ya shawo kan Inna lokacin da yayana ya nace sai ya tafi Faransa.

Ya ce mata, “Ke dubi zuwa gida. Kwana da kwanaki a mota, ƙafa ta kumbura, kowace iyaka a sauke ku. Paris kuwa awa shida ce da 'yan kai a jirgi. Yaro ya yi azahar can, ya yi lisha da mu.” Inna ta yi shiru, shi kuma ya ɗauka ta yarda, kamar kullum.

Duk wanda ya zauna a rumfarsa sai ya sha wannan lissafi. Ni kam haushi yake ba ni, don shekaru suna ta wucewa, mai azahar bai taɓa zuwa lisha ba.

Da ciwo ya kwantar da Baba a asibiti a Treichville, kullum ni ke shiga tasin woro-woro daga unguwarmu Bromakoté da kwanon abinci, in maƙale a cunkoson Indénié har kunu ya huce. Ranar da likita ya ce a kira na nesa, na fita baranda na buga waya.

“Yaya, jikin Baba ya yi tsanani. Ka taho.”

Ya ce, “Ba ni da papiye. Takarduna sun daɗe da mutuwa. In na fito ba zan sake shiga ba, ga yarana a nan.”

Na ce, “To ka gaya masa da bakinka.” Ya fashe da kuka, ni kuma na kashe wayar, don a lokacin ba na jin tausayinsa ko kaɗan.

Da na koma ciki Baba ya buɗe ido ya ce, “Ya taso?” Inna ta dubi fuskata, ta gane. Ta ce, “Yana shiri, Alhaji.” Ya ce, “To, ai ba nisa.” Ya ci gaba da kallon ƙofa. Washegari da hantsi ya cika, aka kai shi bayan azahar.

Ana gobe sadakar bakwai sai ga Baffa, ƙanen Baba, daga Tawa. Tsoho ne shi ma. Ya shigo da takalmansa a hannu, ƙafafun sun kumbura sun ƙi shiga. Inna ta kawo masa ruwan ɗumi a roba. Bayan gaisuwa ya waiwaya cikin mutane ya ce, “Ina na Paris ɗin? Ai marigayi ya ce nan da can ba nisa.”

Inna ta tura robar gabansa. Ta ce, “Kai ne na kusa, Baffan yara. Sa ƙafarka a ruwa.”