Inna Barakatu, Wadda Ta Daina Fassara Mafarki

Da hantsi, in ka bi ta ƙofar gidan marigayi Malam Ɗahiru a 'Yargalma, za ka ji muryar matarsa, Inna Barakatu, tana biya wa matan aure karatu. Ana shafa fatiha sai ta shiga gida-gida tana leƙa turame, kamar wadda kazarta ta ɓata. Shekara goma sha biyar tana wannan zagaye, ba wanda ya sa ta.

A da, da fassarar mafarki aka san ta. Shekarar da maza suka fara kawo duwatsun zinare cikin gida, mata na dakawa a turmin da suke surfen gero, maƙwabciyarta Balaraba ta zo mata da mafarki: ta ga 'yarta Karima tana cin ƙasa mai ƙyalli.

"Arziki na, ɗiyata," in ji Inna. "Ci gaba da dakanki."

Ba a yi wata biyu ba Karima ta kama jijjiga, ta rasu. Daga baya likitoci suka ce gubar dalma ce a cikin ƙurar dutsen. Inna da hannunta ta yi wa yarinyar wanka.

Tun ranar ba ta ƙara fassara mafarkin kowa ba. Waƙa ta tsara, tana rerawa duk gidan da ta tarar da dutse a turmi:

"Ya Rabbi, mu munka daka, su sunka sha,
Ka gafarta muna, Ka jiƙan ƙanana."

Mu kuwa me muka saka mata da shi? Mai toshe arziki muka riƙa kiranta. Magidanta suka hana ta shiga gidajensu. Ni ma na yi mata dariya, kuma har yau ina jin kunya. Inna, ke ce kika ɗauki laifin da yake na gari ne duka, kika goya shi ke kaɗai.

Bana gwiwoyinta suka gaza. Yau da ta ce ta ajiye zagayen, Balaraba, wadda rabonta da gidan Inna tun rasuwar Karima, ta yi sallama.

"Ni nic ce miki arziki na," in ji Inna, tana hawaye. "Ki yahe mini."

"Ni ma da hannuna nid daka, Inna. Zamna ki huta, gobe ni ka zagayawa."

Mun gode, Inna, ko da mun makara. Duk wanda Balaraba ta yi wa sallama gobe, don Allah ya bar ta ta shiga.