Ranar Da Na Roƙi Malami Ya Daina Amsa Tambaya

Cikin shekarun da na yi ina nas a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Birnin Kudu, akwai wata Litinin da ba ta taɓa fita raina ba. Aikin nas a ranar ganin likita shi ne ya karɓi kati, ya auna jini, ya ɗauki tarihin mara lafiya kafin ya tura shi ciki. Na leƙa benci na kira suna, sai wani magidanci ya miƙe daga wannan ƙarshen, wata mata kuma ta miƙe daga wancan. Na ɗauka ba su san juna ba. Ashe shekararsu ashirin da aure, da 'ya'ya shida.

Sunansa Malam Habu, manomi ne daga Farin Dutse ta ƙasar Gwaram. Ya zauna ya dafe bakinsa da tafin hannu, duk abin da na tambaya sai ya kaɗa kai. Matarsa Hajara ce ta yi bayani.

"Likita, gani yake ya sake ni," in ji ta. Mutanenmu kowa ya sa farar riga likita ne, na gaji da gyarawa. "Yana cikin noma sai zuciyarsa ta ce masa ya furta. Ya yar da fartanya ya sheƙo gida, yana tambayata, me na ce ɗazu? In ce ba ka ce komai ba. Kafin in sauke tukunya ya sake tambaya."

Sau biyu yana mayar da ita gidan iyayenta a Fagam, wai ta jira ya tabbatar. A karo na biyu mahaifinta ya rantse cewa in aka kuma kawo ta, ta dawo ke nan, 'yarsa ba ƙwaryar aro ba ce. Shi kuwa Malam Habu sonta yake kamar ransa, tsoron zama da ita cikin haram ne ya hana shi ko haɗa benci da ita.

Likitarmu a lokacin Dakta Rabi ce, babbar likitar sashen, mace marar yawan magana. Ta ce wannan cutar waswasi ce, ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. Tunanin da mutum ya fi ƙi shi ke faɗo masa, sai ya yi wani abu don ya samu sauƙi. Wani wanke hannu yake ta yi, wani alwala yake ta maimaitawa, shi Malam Habu tambaya ce tasa. Sauƙin ba ya daɗewa, tunanin ya dawo da ƙarfinsa. Ta rubuta masa ƙwaya, ta gargaɗe shi cewa sai ta yi makonni kafin a ga aikinta. Sannan ta ba shi horo: in tunanin ya zo ya bar shi, kada ya tambayi kowa, ya daure har fargabar ta sauka da kanta.

A nan na tafka kuskurena. Tausayinsa ya kama ni, na ba shi lambar wayata. Tun yana kira sau biyu a yini har ya kai ina cin abinci waya na kuka. Kullum amsata ɗaya: "Malam Habu, ba ka sake ta ba, kwantar da hankalinka." Ya yi mini addu'a ya kashe, ni kuma in ji na yi aikin lada.

Bayan wata guda ya dawo ya fi da lalacewa. Dakta Rabi ta tambaye shi wa yake tambaya yanzu. Bawan Allah bai iya ƙarya ba, ya nuna ni da yatsa.

Da suka fita ta dube ni ta saman tabarau. "Malam Sule, ni ina janye masa abin, kai kana bi ta baya kana ɗura masa." Kunya ta rufe ni, a gaban ɗaliban nas kuwa. Ta ce saura mutum ɗaya da ya ambata, malaminsa na can garinsu, kuma tunda ni na iya amsa waya, ni zan je in roƙe shi ya daina amsa masa.

Ranar Alhamis na hau babur na nufi Farin Dutse. Malam Isiyaku dattijo ne mai makarantar allo, shi ya karantar da Malam Habu, shi kuma ya ɗaura aurensa. Na durƙusa na gaishe shi a zaure, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ajiye carbinsa. "Yaro, ka san abin da kake roƙo? Mutum ya zo da tambayar aure, ina da amsa, ka ce in yi shiru? Me zan gaya wa Allah?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, sau nawa ka amsa masa?"

Ya ce, "Jiya kaɗai sau huɗu."

"Amsar ta taɓa sauyawa?"

"A'a."

"To ta taɓa kwantar masa da hankali har zuwa la'asar?"

Dattijon ya girgiza kai. Sannan ya ce malaman da suka gabata ma sun san mai waswasi, ba sa gina hukunci a kan shakkarsa, shi ne dai tausayi ya rinjaye shi. Dabarar da aka bi daga baya tasa ce, ba tawa ba. Ya tara Malam Habu da Hajara da mahaifinta, ya ba da hukunci sau ɗaya a gaban kowa cewa aure yana nan daram. Ya ce daga yau ƙofarsa a buɗe take, amma wannan tambaya ya rufe ta. Hajara ma aka ce ta daina amsawa, ni kuma in ya kira mu gaisa kawai.

Makonni biyun farko ban ji daɗinsu ba. Malam Habu yakan zo zaure gumi na keto masa, ya riƙe ƙafar malaminsa yana roƙo, dattijon ya ce, "Na riga na amsa maka, Habu. Zauna ka sha fura." Wata safiya Hajara ta kira ni tana kuka, wai mijinta ya ce ta haɗa kayanta. Na san in ta taka Fagam auren ya mutu, kuma da hannuna a ciki. Na ce ta ba shi wayar. Bakina har ƙaiƙayi yake in faɗi kalmomin nan nawa, amma na danne. Na ce, "Ban ce ka yi komai ba, ka dai jinkirta zuwa azahar." Ya jinkirta. Da azahar fargabar ta sauka, kayan suka koma ɗaki.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, abin da nake so ku riƙe shi ne, cutar nan da hannun masu tausayi take cin abinci. Ba a ce ku yi wa mara lafiya tsawa ko ku guje shi ba. Ku zauna da shi, ku tabbatar yana shan maganinsa, ku nemo mutanen da yake jin maganarsu, amma ku koyi riƙe bakinku. Ni wannan ya fi mini duk wata allura wuyar koyo.

Bayan kaka suka zo karɓar magani. Na leƙa benci na gan su gefe da gefe, kwanon gyaɗa a tsakaninsu. Malam Habu ya ce tunanin yana leƙowa har yanzu, amma ya daina ba shi tabarma. Na tambayi Hajara yaya gida.

Ta rufe baki da mayafi tana dariya. "Likita, shekaranjiya faɗa ya yi mini a kan gishirin miya. Faɗa sosai, har maƙwabta suka ji. Ya gama ya sa hularsa ya fita, bai tambaye ni me ya ce ba." Sai ta goge ido da bakin mayafin. "Wallahi shekara biyu ina jiran faɗan nan."