Yashi a Bakin Zane

Tana tsaye a gaban shagon kayan injin ban-ruwa, doguwar dattijuwa, taɓo ya bushe a dunduniyarta. A hannunta akwai tsohuwar farfelar da ke jan ruwa a cikin inji, tsatsa ta cinye mata haƙora. Duk wanda ya ga kantar tafin hannun nan ya san lambu take yi, kuma da alama shukarta na can tana yaushi tun da injin ya tsaya.

Mai shago ya miƙo mata sabuwa ta ƙarfe.

"Ɗan nan, mayar da abarka," in ji ta. "Ruwan rijiyata zartsi ne, cin ƙarfe yake yi kamar gara."

Sai ya fito da na roba guda biyu, ɗaya sumul tana ƙyalli, ɗaya baƙa mai kaushi wadda aka ƙarfafa da zaren gilashi. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta kwance bakin zanenta, sai ga ɗan yashin da ta ɗebo daga gindin rijiyar. Tana lakatowa da babban yatsa, tana gurza wa kowacce, leɓe a cije. Mutane na taruwa a bayanta, wani har da tsaki, amma ko waiwaye ba ta yi.

Mai ƙyallin ta yi kaca-kaca da zane. Baƙar kuwa ko gezau.

"Haba Iya, kin ɓata min kaya!"

"Gara ta ɓaci a teburinka da ta ɓaci a lambuna. Ɗaure min baƙar."

Ragowar yashin ta ƙulle shi tam a bakin zane, ta nufi shagon mai bututu.