Shanu Bakwai da Na Ce Ban Gani Ba

Shanu bakwai, abotar shekara goma sha tara, da sunan da na yi na mai gaskiya. Su aka ajiye a gabana rana guda, na zaɓi shanun. A lokacin ina fataucin dabbobi tsakanin Isa da Sabon Birni. Da akuya biyu na fara, har na kai ina loda tirela zuwa kudu. Ni Kirista ne, mu kuwa 'yan kaɗan ne a nan, ba mu cika benci goma a majami'a. A kara, wato kasuwar dabbobi, kowa sai ya rantse kafin a yarda da shi, ni ba na rantsuwa domin haka aka tarbiyyantar da mu. Da fari dariya ake yi mini, daga baya abin ya zama jarina. In na ce saniya lafiyarta lau, ba mai sake duba ta.

Ina da aboki Bafulatani a wajen Turba, ya girme ni, Baffa nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗan coci. Yakan zolaye ni cewa ni kaɗai ne mai saida shanu da ya sani wanda ba ya ƙarya, kuma shi ya sa ba za ni taɓa yin ƙiba ba. Shekarar da na yi doguwar jinya, nonon wata jar saniyarsa mai karyayyen ƙaho ya riƙa aiko mini har na tashi. Na san garkensa kamar nawa, na san tsagar da yake yi musu a kunnen hagu.

Da satar shanu ta yi ƙamari, aka kore masa garke kaf. Bayan mako biyu wasu mutane suka kawo mini shanu bakwai a wata ƙaramar kasuwar ƙauye, da arahar da kowane ɗan kasuwa ya san ma'anarta. Na ga tsagar kunnen. Na ga jar saniyar. Na ce wa kaina in ban saya ba wani zai saya, na biya. Washegari da hantsi ana yi mini lodi a bayan kara, sai ga Baffa da sandarsa, ƙafafunsa sun yi futu-futu, ya rame. Ya riƙe hannuna ya ce tun da duk saniyar da ta ratsa ƙasar nan sai ta bi ta idona, ko na ga nasa? Na ce ban gani ba. Wani da ke gefe ya ba shi shawara ya zaga wurin lodi ya duba da kansa, Baffa ya ce ba sai ya wahala ba, ɗan coci ya ce bai gani ba, magana ta ƙare. Ya yi mini godiya, ya juya. Taku arba'in ne tsakaninsa da motar da ake loda shanun nasa.

Ba wanda ya kama ni. Kasuwa ma ta ci gaba da buɗe mini. Amma duk ranar Jibin Ubangiji, abinci mai tsarki da muke ci tare a majami'a, in gurasa da ƙoƙo suka iso gabana, sai in miƙa gaba ban taɓa ba. Shekara huɗu ina haka. Na yi wa majami'a rufin kwano, na sayi benci, ina zaton Allah ma za a iya daidaitawa da shi kamar abokin ciniki. Matata ce ta tare ni wata Lahadi bayan sujada, ta ce ita ba ta tambaye ni abin da na yi ba, amma ta gaji da zama kusa da mutumin da ke jin yunwa abinci na wuce shi.

Na je wurin fastonmu na faɗa masa kome, ban rage ba. Na tambaye shi me za ni biya. Ya ce in bar maganar ciniki, gafara ba ta sayarwa ba ce, Yesu ya riga ya biya a kan gicciye, abin da ake so gare ni shi ne in furta, in tuba, in karɓa. Sai dai ya ce wanda aka gafarta wa ba ya zama, tashi yake ya nemi wanda ya cuta. Na durƙusa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Lahadin da aka sake yin jibi na miƙa hannu na karɓa.

Da na je Turba, na tarar da wurin rugar ya zama gonar gero. Aka ce Baffa ya kwashe iyalinsa ya ƙetara Nijar tun bara waccan, yana yi wa wasu kiwo. Na bi sawu har kasuwannin iyaka, ban dace ba. Na sayi karsana bakwai, na yi musu tsagarsa a kunnen hagu, na ba wani makiyayi amana a Gangara. Yanzu sun kai sha ɗaya. Ba nawa ba ne, ko nononsu ba na sha.

'Yan'uwa masu karatu, musamman 'yan kasuwa irina, ku ji daga wanda ya gwada. Allah yana gafartawa, ban da shakka ko kaɗan, na ɗanɗana. Amma jinkirin tuba yana cin abin da ba ya dawowa. Da na furta a shekarar fari, da na iske Baffa a rugarsa. In akwai wanda kuka cuta kuma kun san ƙofarsa, ku je yau.

Na samu gafarar da ban biya ba, na samu wurina a teburin Ubangiji. Na rasa mutumin da ya fi yarda da bakina a kan idonsa. Kowace ranar kasuwa ina tsayawa a bakin kara ina duban masu shigowa da sanda a kafaɗa, ko Allah zai sa in ga Baffa in ce masa na gani.