Ɗan Ƙoƙon Kaka

Jiya a lakwal, wato makaranta, muna koyon rubuta wa na'ura umarni. Darasin shi ne ka jera siffofi: abin da ya zo da wannan siffa ga inda za shi, mai waccan ma ga nasa. Na'ura ta ƙi karɓar nawa, wai ban tanadi wurin abin da bai yi kama da kowa ba. Sai na fashe da dariya, don marigayiya Kaka ce ta faɗo mini a rai.

A Korgom, gab da damina, takan zauna gindin itacen bedi tana tsintar irin wake a faifai, hannunta na ƙamshin toka. Mai kyau ƙwarya, mai huji na kaji. A gefe kuma kullum akwai ɗan ƙoƙo.

Ran nan na tsinci wani baƙin iri zan jefar. Ta riƙe mini hannu: "Haba maigidana, daga zuwansa sai kora? Ba shi wurin zama." Ta sa shi a ƙoƙon, ta shuka bayan rumbu. Kankana ce ta fito, muka sha, ruwan na bin haɓa.

Na ƙara wa umarnina layin ƙarshe, wurin baƙo, na'ura ta karɓa. Allah Ya tanadar wa Kaka wuri mai sanyi, ita da baƙo bai taɓa rasa wuri a gabanta ba.