Ƙullin da Ya Zame Daga Ƙugun Babba

Kakata Inno ba ta iya tatsuniya mai daɗi ba. Sauran tsofaffin unguwarmu a Wurno labarin dariya suke ba yara, ita kuwa nata sai ka kasa haɗiye tuwo. Bayan magariba take hura wuta a tsakar gida, ta jawo albasar da aka kwaso daga fadama tana yanke ganye, ni da ƙanena Umaru mu zauna gabanta. Umaru ya fi ni son labarinta. Yau ba ya raye, kuma da hannuna a ciki.

Akwai guda da ta fi maimaitawa. Wata mata ce mai 'ya'ya biyu, babban ƙaƙƙarfa, ƙaramin kuwa ramamme. Ran nan dole ta kama su haye gulbi, ga ruwa ya cika. Uwar ta ɗauko igiya don ta haɗa su. Ta daɗe a ƙugun ƙaramin tana ƙullawa, tana lallaɓawa kada ta ji masa ciwo, tana sake dubawa. Da ta zo kan babban sai ta zarga masa sau ɗaya, wai ai shi mai ƙarfi ne. A tsakiyar ruwa igiya ta zame daga ƙugun babban. Bayan kwana biyu aka tsinci gawar ƙaramin cikin ciyawa, ƙullinsa na nan daram.

Umaru ya ce, "Inno, mi yas sa babban bai riƙe shi ba?"

Ta ce, "Da mi za shi riƙe shi? Hannuwanai na iyo. Aikin igiya ne, uwar ko ba ta ɗaure ta inda ƙarhi yake ba."

Ta ci gaba da yankan albasarta, ko rufe labarin ba ta yi ba. Haushi nake ji, nakan ce a raina tsohuwar nan ba ta da tausayi.

Na girma na koyi walda, na kafa rumfa a Goronyo lokacin da ruwan dam ya kawo aiki. Umaru ya samu gonar albasa a tsallaken ruwa. Bai iya iyo ba, jirginsa na katako kuma ya ruɓe, sai ya ce in yi masa na ƙarfe: haƙarƙari mai kauri, a lulluɓe shi da falle marar kauri.

Na san yadda ake yi sarai. Maigidana ya koya mini: ka kafa sandar walda a kan mai kaurin har ya narke, sannan ka bar narkakken ya lashi bakin fallen, ɗigo-ɗigo, kana ɗagawa yana hucewa. Amma ranar sau uku ina huda fallen, masu zama a bakin rumfa suna dariya. Kunya ta kama ni. Na rage wutar injin sosai, na mai da hankalina duka kan fallen. Ban ƙara huda shi ba. Da na kakkaɓe kashin ƙarfen, layi ya fito sumul. Ko guduma ban sa na gwada ba.

Umaru ya shafa ya ce, "Yaya, wanga aiki ya yi kyawo."

Mako na uku ya ɗoro buhunan albasa, iska ta taso a tsakiya, gindin jirgi ya buɗe. Washegari masunta suka samo gawarsa.

Da aka jawo jirgin na je na duba. Waldar tana manne da fallen, ba tsaga ko ɗaya. Ƙarfe mai kaurin kuwa fes yake, wuta ba ta taɓa shigarsa ba. Mutane suka ce kwanan Umaru ne ya ƙare. Haka ne, amma ni na ga ƙarfen. Na gode Allah da Inno ta riga ta rasu.

Har yau ina walda, 'ya'yan Umaru a hannuna suke. Lokacin sanyi sukan matsa in ba su labaran Inno, nakan ba su duka in tsallake wannan. Bara ya suɓuce mini. Da na kai ƙarshe, ƙaramar 'yarsa Hassi ta ɗago kai.

"Baba, mi yas sa babban bai riƙe shi ba?"

Na tura itace cikin wuta, na ce su tashi su wanke hannu.