Yadda Karatu Ya Ci Amanar Trevor

Ranar da aka rufe kamfanin haɗa motoci a garin Elizabeth, Trevor Baldock bai zubar da hawaye kamar sauran maza ba. Gida ya koma, ya buɗe giya mai sanyi, ya ce wa matarsa Maureen shi da yi wa wani bauta har abada.

Sai dai kuɗin marasa aiki da gwamnati ke bayarwa da sharaɗinsu. Ko ka yi ta yawon neman aiki kana kawo shaida, ko ka shiga karatu. Trevor, wanda ya rabu da makaranta baram-baram tun yana yaro, nan take ya gano ashe yana son ilimi.

Ya yi kwas na haɗa kofi. Ya yi na tuƙa motar ɗaga kaya, abin da ya tsufa yana yi. Ya yi na taimakon gaggawa, har ya karya ƙirjin mutumin robar da ake gwaji da shi. Kwas ɗin koyon neman aiki kuwa ya maimaita shi har ya haddace, domin can ne ake ba da biskit, kuma ana tashi da wuri ya wuce kamun kifi.

"Bango ya cika da satifiket, Trev," in ji Maureen, "amma ko shayi ba ka iya dafa mini ba."

"Ba a kai mu wannan darasin ba tukuna, tsohuwa."

Ana nan sai malamar ajin neman aiki ta samu wani aikin a birnin Perth, ta tattara ta tafi. Shugaban makarantar ya kira Trevor ofis. Shi ya ɗauka zancen biskit ne.

"Babu wanda ya san kwas ɗin nan kamarka," in ji shugaban. "Ran Litinin za ka fara koyarwa."

Trevor ya ce bayansa na ciwo. Shugaban ya tuna masa, da murmushi, cewa wanda ya ƙi aikin da aka ba shi, yanke masa kuɗi ake yi. Ko ya karɓa ko ya ƙi, kuɗin zaman banza dai sun tafi.

Ran Litinin Maureen ta goge masa riga tana waƙa. Ya shiga aji ya tarar da tsofaffin abokan aikinsa zaune, sun cinye biskit. Kev Doyle, wanda suka yi shekaru suna ɗaure tayoyi tare, ya ɗaga hannu.

"To, Malam, yaya ake samun aiki?"

Trevor ya dubi taga. Rana ta fito fes, babu iska, irin ranar da kifi ke kama ƙugiya.

"Ni dai ban nema ba, Kev," ya ce. "Ku rage zuwa aji kullum. Suna lura."